Dakuwar cakulan: markaɗen gyaɗa ko tunkuza?

'Yar'uwarmu ta Mabera ta kawo tambaya jiya da daddare. Yaranta sun saba da cakulan ɗin kanti bayan cin abinci, tana so ta riƙa yi musu nata a gida da gyaɗa, mai gina jiki, amma ta rasa wanda za ta ɗauka: markaɗen gyaɗa da ba a cire wa mai ba, ko tunkuza. Hajiya, na gwada duka biyun sau da yawa, ga abin da na gani.

Wannan abin da ake yayi, in kin duba, dakuwa ce aka sa mata garin koko. Kokon cakulan nake nufi, wanda ake nomawa a Ondo da Kuros Riba, kada wata ta je ta ɗebo gasarar kokon safe.

Markaɗe ya fi daɗi, wannan babu gardama. A cikin giram 100 na gyaɗa akwai furotin, wato sinadarin gina jiki, kamar giram 25, mai kuma kusan giram 49. Rabinta mai ne ke nan, kuma shi ke sa abin ya narke a baki kamar na kanti. Aikinsa ma ba wuya. Nakan sa kofi ɗaya na markaɗe, rabin kofi na madarar gari, cokali huɗu na garin koko, da dabino goma da aka cire wa ƙwallo aka kirɓa a turmi. A cuɗa, a cura. Yana ba ni curi goma sha shida, kowanne da furotin wajen giram 5, ya kusa kamo ƙwai ɗaya mai giram 6. Cakulan mai madara na kanti kuwa, kusan rabin nauyinsa sukari ne.

Matsalarsa garinmu. A Afrilu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40. Na taɓa cura su da hantsi na jera a faranti, wuta ta ɗauke, kafin la'asar duk sun zauna sun baje, mai ya yi musu zobe a gefe. Da cokali yara suka kwashe. Masu tsoma su cikin narkakken cakulan don ya yi musu ɓawo, ku bar wannan sai hunturu, domin man koko yana narkewa tun wajen digiri 34, zafin da ko na jikin mutum bai kai ba.

Tunkuza kuma lissafinta daban. A ce kin matse mai giram 30 daga gyaɗa giram 100. Furotin bai bi man ba, yana nan giram 25 ɗinsa, amma yanzu a cikin giram 70. Daga kashi 25 cikin ɗari ya haura kashi 35. Curi iri ɗaya, furotin ya ƙaru, maiƙo ya ragu, kuma yana tsayawa a faranti ko babu firji. Kada dai a ɗauka man gyaɗa abin gudu ne. Mai ne mai kyau, yawansa ne ke sa curi uku su zama kamar an ci abinci na biyu. Ga mai neman rage ƙiba tunkuza ta fi. Ga yaron da ba ya son cin abinci, ya rame, ni markaɗen zan ba shi.

Sai dai tunkuza tana da nata hali, kuma nan ne mutane ke yin kuskure. Duk wadda ta taɓa zama kusa da masu ƙuli-ƙuli ta san ana yayyafa ruwan ɗumi ana juyawa kafin mai ya fito. Wannan ruwan yana nan a jikinta. In kika haɗa ta haka da madara da dabino kika rufe a roba, kwana kaɗan za ki ji wari ya canja. Sai an marmasa ta an zuba a busasshen kasko, wuta ƙasa-ƙasa, ana juyawa har ta yi wara-wara, ƙamshi ya tashi. A bari ta huce sarai. Bayan haka za ki ga ta ƙi curuwa, tana wargajewa a hannu. Kada ki ce bari in ɗiga ruwa, kin koma gidan jiya. Dabinon za ki ƙara, mai laushi, ki mayar da su turmi ki kirɓa tare har su kama juna. Ɗanɗanonta kuma, gaskiya, ya fi karkata wajen ƙuli-ƙuli, yaron da ya saba da na kanti zai gane.

Wata za ta ce to a daka ƙuli-ƙuli mana a huta. An riga an soya shi cikin mai, ga gishiri, wani har da yaji. Na gwada, ban sake ba.

Batun zaƙi, Milo da Bournvita suna da sukari a cikinsu, in da su za ki yi kin dawo kusa da abin da kike gudu. Garin koko zalla za ki nema, mai ɗaci. Dabino ma ba waliyyi ba ne, kusan kashi biyu cikin ukunsa sukari ne, illa dai yana zuwa da harza. In akwai mai ciwon suga a gidan, a rage shi sosai. Madara kuma ki karanta bayan leda, akwai wadda aka cire wa kitsenta aka sa man itatuwa, ki zaɓi wadda furotin ɗinta ya fi yawa. Garin soyayyen waken suya ma yana maye gurbinta, kuma ya fi sauƙin kuɗi.

Ni yanzu haɗawa nake yi. Daga Maris zuwa saukar damina, kashi biyu tunkuza, kashi ɗaya markaɗe: yana curuwa ba wahala, yana kuma jure zafi. Daga Disamba zuwa Janairu markaɗe zalla, sanyi na riƙe shi.

Ko wanne kika ɗauka, ki sayi gyaɗar da kanki ki baza a tire ki tsince. Duk wadda ta yi baƙi, ta yanƙwane ko ta yi furfura, ki zubar. Irinta ce ke ɗauke da gubar afulatoksin mai lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Tunkuzar kasuwa ba ki ga gyaɗar da aka yi ta da ita ba, shi ya sa nake kai tawa inji, in dawo gida in matse. Man da ya fito na yi miya da shi.