Madubin USB mai "1600X": wata takwas ina duba tururuwa da shi

Ni malamin bayoloji ne a wata sakandare a Jigawa, kuma ina karatun digiri na biyu a ƙarshen mako. Aikin bincikena a kan tururuwa ne da danginta: waɗanne iri ne ke zaune a gonakin gero, waɗanne ne a fadama, waɗanne ne suka biyo mu har cikin gida. Jami'ar da nake zuwa tana da madubin likita mai ido biyu, irin wanda ake duba ƙwari da shi, amma tsakanina da shi akwai tafiyar awa uku a mota, ga kuma layin ɗalibai. Shi ya sa a farkon daminar bara na sayi ɗan madubin nan da ake jonawa da kwamfuta ko waya ta USB. Abokan aiki da dama sun tambaye ni ko su saya, don haka ga abin da na gani.

A wani shagon kayan waya na same shi a Kano. Babu sunan kamfani a jikinsa, babu a kwalinsa, sai dai "1600X" da aka rubuta da manyan baƙaƙe. Kuɗinsa bai kai rabin na ƙaramar wayar Android ba. Siffarsa kamar tocila ce mai kauri, a bakinsa akwai ƙananan fitilu guda 8 da suka kewaye gilashin, a tsakiyarsa akwai wani zobe da ake murzawa don saita hoto. A cikin kwalin akwai ɗan mazauni na roba, da faifan manhaja, da wata 'yar leda mai layukan awo. Wannan ledar ta fi komai daraja a kwalin, kada wanda ya saya ya yar da ita.

Abin da na fara yi shi ne gwada maganar 1600. Na shimfiɗa rula a ƙarƙashinsa, na buɗe hoton a kwamfutata inda faɗinsa ya kai santimita 24. Idan bakin madubin yana dab da abin da ake dubawa, wuri biyu ne kawai a zoben hoto ke fitowa tas. A na farko ina ganin kusan milimita 8 daga gefe zuwa gefe, a na biyu kusan milimita 2. Lissafin ba wuya: ninki 30 da ninki 120. Babu 1600, babu ko kusa da ita. Hoton da yake ajiyewa ma, da na duba, ɗigo 640 ne a faɗi da 480 a tsaye. Na ji zafin wannan, domin wanda bai san awo ba zai tafi yana gaya wa ɗalibai cewa sun ga abu ninki dubu da ɗari shida. Amma a gaskiya mai duba tururuwa ba ya buƙatar dubu. Masu wannan sana'a galibi tsakanin ninki 20 zuwa 100 suke aiki. Abin da suke nema shi ne hoto mai kaifi, kuma a nan ne labarin yake.

Bari in fara da alherinsa, don yana da shi. Ina binne kofunan roba a gona, bakinsu daidai da ƙasa, in zuba ɗan ruwa da sabulu, in dawo bayan kwana biyu. Wani lokaci kuma in ajiye garin ƙuli-ƙuli ko kifin gwangwani a kan takarda in jira. Abin da ke faɗawa kofi ɗaya ya isa ya ruɗa mutum: tururuwa, gizo-gizo, ƙananan buzuzu, gyare, 'ya'yan ƙadandoniya. A da sai in tara su duka in jira ranar da zan je jami'a. Yanzu da daddare nake zama a tabarma, in jona madubin da waya, in ware su kashi-kashi. Ko an ɗauke wuta ba ruwansa, cajin waya ya ishe shi.

A ninki 30 ana ganin abin da ake fara dubawa a jikin tururuwa, wato ƙugunta. Tsakanin ƙirji da ciki akwai ɗan siririn wuri mai ƙullutu, wasu ɗaya wasu biyu, kuma wannan kaɗai yana raba manyan gidaje. Baƙar tururuwar nan mai jidar hatsi zuwa rami, ta dangin Messor, ƙullutu biyu gare ta, ga kuma wani gemu na dogayen gashi a ƙarƙashin kai. Ban taɓa sanin tana da gemu ba sai da na gani da idona a fuskar waya. Baƙin cinnakan nan mai harbi kuwa ƙullutu ɗaya ne, mai kauri. Masanin Austiriya Gustav Mayr ne ya fara bayyana shi a 1862 daga samfurin da aka kawo daga Sennar ta Sudan, shi ya sa har yau sunansa Brachyponera sennaarensis. Kwarkwasa kuma, in ka sa ta a ƙarƙashin gilashin, za ka nemi ido ka rasa, domin ma'aikatanta, wato masu fita neman abinci, makafi ne. Ranar da na nuna wa 'yan aji biyar wannan, wata yarinya ta ce, "Malam, to da me take ganin hanya?" Muka kwashe sauran darasin a kan yadda suke bin ƙanshin juna. Ko don wannan rana kaɗai kuɗina ya fita.

Sai a watan Satumba na gamu da abin da ya nuna mini iyakarsa.

A gindin wani gawo, a ƙarƙashin busasshiyar kashin shanu, na tarar da wata 'yar tururuwa ruwan ɗorawa, tsawonta bai kai milimita 2 ba. Da farko na ɗauka kiyashi ne irin na cikin sukari, wanda masanin Sweden Carl Linnaeus ya raɗa wa suna tun 1758, shekarar da ake ƙirga sunayen dabbobi na kimiyya daga gare ta, wanda yau ake kira Monomorium pharaonis. Amma shi wancan kansa da ƙirjinsa dusu-dusu suke, kamar an barbaɗa musu yashi. Tawa kuwa sumul take, tana ƙyalli. Na yanka ɗan kati mai kusurwa uku, na ɗiga ƙaro a tsininsa, na manna ta a kai na soke katin da allura, kamar yadda ake yi. Madubin ya nuna mini ƙullutu biyu a ƙugu, babu ƙaya a bayan ƙirji, kuma gaɓoɓi uku na ƙarshen ƙahonta, wato ƙahonnin nan biyu da take shinshina da su, sun fi sauran kauri. Duk wannan ya kai ni dangin Monomorium. Har nan na yaba masa.

To amma dangi ba nau'i ba ne. Barry Bolton na gidan tarihin halittu da ke Landan ya yi bitar wannan dangi na Afirka kudu da Sahara a 1987, kuma nau'o'in da ya lissafa sun haura 100, da yawansu ƙanana ne, ruwan ɗorawa, masu ƙyalli, kamar an tsaga kara. Abin da ke raba su sai an natsu: gashi nawa ne a tsaye a kan ƙirji, ƙwayoyin ido, wato ƙananan idanun da suka haɗu suka zama idon ƙwaro, nawa ne a layi mafi tsawo na idon, haƙora nawa a muƙamuƙi, da kuma awo. Ana auna faɗin kai, tsawon kai, da tsawon gaɓar farko ta ƙaho, har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, sannan a raba wannan da wancan a fitar da alƙaluma. Kuskure kaɗan ya isa ya kai ka gidan da ba naka ba.

A nan madubin ya gaza ta hanya uku, kuma ta farkon ce ta fi ci mini rai. Zobe ɗaya ne ke ƙara girma kuma shi ne ke saita hoto. Duk sanda ka taɓa shi don hoto ya fito, girman ya canja, awon da ka daidaita da 'yar ledar nan ya tashi a banza. Na auna faɗin kan tururuwa guda ɗaya sau uku a dare ɗaya, na samu 0.36 da 0.39 da 0.41 na milimita. Tururuwar ba ta motsa ba, matacciya ce a manne. Irin wannan bambanci ya isa ya mayar da nau'i ɗaya biyu a takarda. Ta biyu, fitilun nan takwas suna haska jiki mai ƙyalli kai tsaye, sai ka ga ɗigo takwas farare a kan tururuwar sun rufe abin da kake nema. Wannan na yi maganinsa: na kashe fitilun, na yanke gindin farin kofin roba na kifa shi a kan samfurin, na haska da tocila daga waje, haske ya yi laushi. Ta uku ita ce mazaunin. Roba ce mara nauyi, in ka saki hannu sai kan ya sunkuya a hankali. Na kai wa mai walda ya yi mini wani da ƙarfe da dogon noti mai hawa da sauka, aka samu sauƙi sosai.

Da sabon mazaunin na gwada dabarar da masu ɗaukar hoton ƙwari ke yi. Tunda a babban ninki siririn yanki ne kawai ke fitowa tas, in ido ya fito ƙaho ya yi dishi-dishi, sai a ɗauki hotuna da yawa ana ɗaga madubin kaɗan-kaɗan, a haɗe su da manhaja su zama ɗaya. Akwai ta kyauta mai suna Picolay. Na haɗa hoto 25, abin ya yi kyau a ido. Amma da na ajiye shi kusa da hotunan shafin AntWeb, na cibiyar kimiyya ta Kalifoniya, inda ake ɗora hotunan samfuran asali na tururuwan duniya, sai na ga tazara. A nasu kana iya ƙirga ƙwayoyin ido ɗaya bayan ɗaya. A nawa idon baƙin ɗigo ne kawai.

Ina so in tsaya a nan kaɗan, domin na ga matasa a intanet suna ɗora irin waɗannan hotuna suna cewa sun gano sabon ƙwaro. Zumuɗin na gane shi, ni ma na kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Kuma ba mafarki ba ne: ƙwarin da aka raɗa wa suna a duniya kusan miliyan ɗaya ne, alhali ƙiyasin da masanin ƙwari Nigel Stork ya fitar a 2018 ya ce sun kai miliyan 5.5. Tururuwa kaɗai an bayyana kusan nau'i 14,000. Yankinmu na savana bai samu masu tattarawa da yawa ba, don haka sabon nau'i a gindin gawo ba abin mamaki ba ne. Sai dai raɗa suna yana da ƙa'ida ta duniya. Daga shekarar 2000, dole ne mai bayyana sabon nau'i ya faɗa a fili cewa sabo ne, ya ware samfurin asali wanda sunan zai rataya a kansa, ya kuma faɗi ma'ajiyar da za a ajiye shi don wani ya zo ya duba ko bayan shekara ɗari. Dole ya rubuta abin da ya bambanta shi da 'yan uwansa. Tun 2012 an yarda a wallafa a mujallar intanet kaɗai, da sharaɗin a yi wa aikin rajista a ZooBank, shafin rajistar sunayen dabbobi. Kafin duk wannan sai ka tabbatar wani bai riga ka ba, wataƙila tun zamanin Turawa, kuma samfurinsa yana kwance a wata durowa a Landan ko Faris ko Janeba.

Wani lokaci ma madubi mafi tsada ba ya raba gardama. Sauron zazzaɓin cizon sauro da ke cizonmu misali ne. Shekaru ana ɗaukar Anopheles gambiae na Afirka ta Yamma nau'i ɗaya mai fuska biyu, sai a 2013 Maureen Coetzee da abokan aikinta suka ware ɗaya suka sa masa Anopheles coluzzii, don girmama Mario Coluzzi, ɗan Italiyan da ya yi nazarin sauron Garki ta nan Jigawa a shekarun 1970. A ido ba a raba su, sai da gwajin DNA. Hanyar da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003, ta karanta wani guntun ƙwayar gado mai harafi kusan 650 a kwatanta da na ma'ajiyar intanet ta BOLD da ke tara irin waɗannan bayanai, ita ce yanzu ake haɗawa da duban siffa. Shi ya sa na raba tururuwan gawon nan biyu: goma sha biyu a manne a kati, sauran a itanol, ruwan adana samfuri, mai ƙarfin kashi 96 cikin ɗari don kada DNA ɗin ya lalace. A kowace kwalba na sa 'yar takarda da fensir, don tawada na narkewa: wuri, alƙaluman GPS, rana, inda na same su, da sunana.

Wa zan ba shawarar ya saya? Malamin makarantar da ba ta da ɗakin gwaji, ya saya yau. Malamin gona da ke son ganin ƙwaron da ke cin wake ko ɗarba a bayan ganye ya tura wa masani hoto, zai amfane shi. Ɗalibin da ke ware samfura ɗari-ɗari kafin ya kai su jami'a, zai rage masa makonni. Ya tanadi kuɗin mai walda, ya nemi ɗan haɗin OTG mai jona USB da waya idan da waya zai yi aiki, ya kuma riƙa rufe bakin gilashin, domin ƙurar hunturu ta shiga nawa a watan Disamba, har yanzu akwai ɗigo biyu a kusurwar kowane hoto. Wanda kuma zai sa awo a kundin digiri ko ya bayyana sabon nau'i, kada ya ɗauki alƙalami ko ɗaya daga wannan madubi, ya haƙura ya bi layin mai ido biyu.

Ni ma layin na bi. A can na ƙirga gaɓoɓin ƙahon tururuwar gawon nan 12, na ga ƙwayoyin idon ɗaya-ɗaya, awon kai ya tsaya wuri guda duk sau ukun. Ta yi kusa da nau'i biyu a bitar Bolton, amma gashin ƙirjinta bai yi daidai da ko ɗaya ba. Mai duba aikina ya ce in kai ta ma'ajiyar ƙwari ta Samaru a Zariya a kwatanta, sannan in koma gindin gawon da farkon damina in nemo sarauniya da maza, domin ma'aikata kaɗai na samu. Na riga na sa wa bishiyar alama da jan fenti.