Wace fitilar UV ya kamata asibiti ya saya don tsabtace iska?

Mai tarin fuka idan ya yi tari a ɗakin jira, ƙwayoyin cutar kan daɗe suna shawagi a iska bayan ya tashi ya tafi. Hasken UV-C, wani nau'in haske da ido ba ya gani, yana lalata su yadda ba za su iya hayayyafa ba. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun shekarun 1930 William Wells ya gwada ta a makarantun Filadelfiya ta Amurka don rage yaɗuwar ƙyanda. Sai dai abin da 'yan kasuwa ke kira fitilar UV iri-iri ne.

Da ni za a tambaya, fitilar saman ɗaki zan zaɓa. Ana kafa ta a bango, sama da mita 2.1 daga ƙasa, da makarai masu tura hasken ya bi ta ƙarƙashin silin, can sama da kawunan mutane. Iskar numfashi tana hawa ta ratsa hasken, ta sauko da tsabta, jama'a na zaune abinsu. Ita ce ke da hujja mafi ƙarfi. A Lima ta ƙasar Peru an riƙa tura iskar ɗakin masu tarin fuka zuwa kejin ɓerayen Masar, sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna kamuwar ɓerayen ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100 idan fitilar na kunne. Irin wannan gwaji a Afirka ta Kudu ya ba da kusan kashi 80. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da ita a ƙa'idojinta na 2019. Fitilar tana da sharuɗɗa biyu: silin ya kai tsayin mita 2.4 aƙalla, sannan a sa fanka mai juyawa a hankali. Idan ba fanka, iskar sama kaɗai za a yi ta wankewa.

Akwai wadda ake sawa cikin bututun na'urar sanyaya gini. Tana da amfani inda ake da irin wannan bututu, amma ba ta tare tarin da ke tsakanin gado da gado.

Akwatin da ake turawa, mai zuƙar iska ya haska ta a cikinsa, shi ya fi ɗaukar ido. A tambayi mai sayarwa yawan iskar da yake tacewa a awa guda, a gwada da girman ɗakin. Sau da yawa ƙaramin ofis kawai yake iya ɗauka. Ita kuwa tsirarar fitila, ta ɗakin da ba kowa ce. Haskenta na ƙona fata, ya sa ido ya yi ja kamar an watsa yashi.

Sabuwar fitila mai nanomita 222 (ma'aunin tsawon zangon haske), maimakon 254 na tsohuwar da aka saba da ita, ba ta ratsa fata da ido sosai, don haka ake haska dukan ɗaki da ita. Tana da tsada, tana fitar da iskar ozon kaɗan, kuma hujjarta a asibiti ba ta kai ta tsohuwar ba tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan saye. Ƙwan fitila mai zaiba yakan yi awa kusan 9,000, wato shekara guda, kuma zai ci gaba da ba da shuɗin haske bayan ƙarfinsa ya tafi. Ido ba ya gane wannan, sai na'urar awo. Ƙurar hunturu na rufe ƙwan, dole a riƙa kashe shi ana gogewa, laimar damina ma tana rage masa ƙarfi. Kafin a sa hannu a takarda, a rubuta wanda zai auna hasken a daidai idon ma'aikata, inda za a samu ƙwan canji, da ko an haɗa fitilar da layin sola ko janareta. Mai sayarwar da ya zo ba na'urar awo, a nemi wani.