Hattara da mai tallar kayan canjin giyabos da ke cewa "ba yanka, ba walda"

Jama'a, duk mai tsohuwar mota da ke shirin canza mata giyabos, ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗi.

Motata Chevrolet Chevelle ce ƙirar 1970. Na cire mata giyabos samfurin TH350 mai giya uku na sa samfurin 700R4, don in samu giya ta huɗu, inji ya riƙa hutawa a doguwar tafiya. Shi 700R4 ya fi wancan tsawo da kusan inci 3, mazauninsa kuma ya ja baya. Dole a rage farfela, dole kuma a matsar ko a canza ƙarfen nan da ya gitta ƙarƙashin mota yana tallafe da giyabos. A wurin wannan ƙarfe ne salansa ke shiga uku, musamman mai bututu biyu irin tawa.

Sai na ci karo da wani mai talla a intanet. Ya ce yana da ƙarfen mai lanƙwasa biyu inda bututan salansa za su bi, da bututan da aka riga aka lanƙwasa daidai da motata, ɗaurawa kawai za a yi. Hotuna tsaf. Ya ce in biya ta hanyar da ake tura wa 'yan uwa kuɗi, wai don kada a cire mana caji. Wannan hanya ba ta da kariyar mai saye, kuma shi ya sani sarai.

Abin da ya iso miƙaƙƙen ƙarfe ne, ba lanƙwasa ko ɗaya, ramukan noti a karkace, bututan kuma na wata mota daban. Bakanike ya yi iya ƙoƙarinsa. Bututun hagu ya manne da ƙarfen, na dama ya wuce dab da kaskon man giya, ko yatsa ba ya shiga tsakani. Da na taka mota, inji ya ɗan murɗa a kan robobinsa, sai ƙwanƙwasa ta cika ciki. Wannan ma da sauƙi. Zafin ne abin tsoro: cikin 'yan kwanaki robar wayar canza giya ta narke, man giya ya fara duhu yana ƙauri. Mai in ya ƙone, faranten kulocin ciki ne ke biya, kuma giyabos ɗin da na daɗe ina tanadi dominsa ne ya kusa tafiya.

Na yi masa magana, ya ce laifin bakanike ne, a ɗan lotsa bututun da guduma. Washegari ya toshe ni. Yanzu ya dawo da sabon suna, hotunan dai su ne. Da na bincika hoton a intanet, ashe na motar wani ne da ya yi aikinsa da hannunsa.

Kafin ka biya, ka sa mai kaya ya ɗora awo a kan ƙarfen ya ɗauki hoto, da takarda mai kwanan wata a gefe. Ka tambaye shi shekarar mota, da ko na bututu ɗaya ne ko biyu. In ya fara kame-kame, bar shi. In an ɗaura kuma, a bar aƙalla inci 1 tsakanin salansa da kasko, da bututun mai, da duk wata waya.

Tawa tana wurin mai walda, yana lanƙwasa sababbin bututai a jikinta. Wanda ya ga tallar nan, don Allah ya kai ƙorafinta a shafin da ya gan ta, a sauke ta.