Ƙaramar tukunyar hiliyom ta hura balan-balan

Hiliyom iskar gas ce da ba ta kai iskar da muke shaƙa nauyi ba, shi ya sa take ɗaga balan-balan sama. Tukunyar ba ta da nauyi, da hannu ɗaya nake ɗaukarta. Ka saka balan-balan a bakin tukunyar na roba, ka ɗan lanƙwasa shi, nan take ya kumbura. Balan-balan na roba kan fara saukowa kafin gari ya waye, domin ƙwayoyin hiliyom ƙanana ne ƙwarai, suna sulalewa ta jikin robar. Masu ƙyalli sun fi daɗewa a sama.

Abin da ya dame ni shi ne yadda aka rubuta gargaɗin kada a shaƙi iskar da ƙananan haruffa can ƙasa. Yara suna son shaƙar iskar don muryarsu ta koma siririya kamar ta agwagwa. Jijiyoyin murya ba sa sauya kaɗawarsu. Sauti ne ke gudun kusan mita 1,000 a daƙiƙa cikin hiliyom, alhali mita 343 yake yi a iskar da muke shaƙa, sai baki da maƙogwaro su ƙarfafa siraran sautuka.

Amma hiliyom na korar oksijin daga huhu, mutum ya suma bai ji alamar shaƙewa ba. Shaƙa kai tsaye daga tukunyar kuwa na iya fasa huhu. Ni dai a kulle nake ajiye tawa, ni kaɗai ke hurawa.