Lesin Turanci a wani zaure a karkarar Ringim

A ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Ringim a jihar Jigawa akwai wani malamin makaranta mai ritaya da yake koya wa masu shirin WAEC da NECO Turanci bayan La'asar a zauren gidansa, kuma kuɗin watan da yake karɓa bai fi ƙarfin manomi ba. Abin da ya raba shi da sauran masu lesin shi ne ba ya ɗora wa yara hadda, bin kalma yake yi har tushenta.

Darasinsa a kan kalmar athletics ya isa shaida. Ya bayyana cewa daga Girkanci ta fito, inda athlon ke nufin kyautar gasa, athlos ke nufin gasar kanta, athletes kuwa mai fafatawa don samun kyautar, kuma ta hannun Latin kalmar ta iso Turanci. Ya kawo gasar Olimpiya da ake ƙirga farkonta daga shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda gwarzonta ba ya samun komai a filin sai kambin ganyen zaitun. Da ya ce gasar pentathlon ta wancan zamani ta haɗa gudu, dogon tsalle, jifan faifai, jifan mashi da kokawa, samarin zauren suka gyara zama, domin kokawar bayan girbi ba baƙuwarsu ba ce.

Amfanin da ya fi girma ga mai jarrabawa shi ne bambancin da ya fitar: a Ingila, da Najeriya ma, kalmar ta taƙaita ga guje-guje da tsalle-tsalle da jifa, irin fagen da 'yar Najeriya Chioma Ajunwa ta ci zinare a dogon tsalle a gasar Olympics ta birnin Atlanta a 1996, amma a Amurka ta haɗa har da ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando.

Wurin yana da gyara. Zauren ya yi wa ɗaliban kaɗan, allon ya koɗe, kuma malam yakan daɗe a kan kalma guda har rubutun insha'i ya rasa lokaci, alhali shi ma makinsa ba kaɗan ba ne. 'Yan mata sukan tashi kafin Magariba, darasi bai ƙare ba, don haka ya kamata a ware musu safiyar Asabar.