New Orleans ko Mobile: ina mai kwana huɗu zai dosa?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya: yana da kwana huɗu a kudancin Amurka shi da iyalinsa, ya ji cewa New Orleans da Mobile duk Faransawa ne suka kafa su, duk kuma garuruwan Kiriyol ne (zuriyar haifaffun yankin tun zamanin mulkin mallaka), to wanne zai zaɓa? Malam, ka ba New Orleans kwana uku, Mobile ɗaya. In kuwa tafiyar ta faɗo lokacin Mardi Gras, bikin da ake yi gab da azumin Kiristoci, ga yara a hannu, sai ka juya lissafin.

Mobile ce babba a shekaru. Wa da ƙani, Iberville da Bienville, suka kafa ta a 1702, ambaliya ta sa aka dawo da ita inda take yanzu a 1711. Bienville ɗin ne ya kafa New Orleans a 1718, kuma ba a jima ba hedkwatar mulki ta koma can. Uwa ɗaya uba ɗaya ke nan, sai dai riƙo ya bambanta. Mobile ta faɗa hannun Ingila a 1763, Sifaniya ta ƙwace ta a 1780, Amurka ta karɓe a 1813. New Orleans kuwa Sifaniya ta riƙe ta kusan shekara 40 kafin Napoleon ya sayar wa Amurka yankin Louisiana a 1803 kan dala miliyan 15.

Kada sunan French Quarter, wato unguwar Faransawa, tsohuwar unguwar New Orleans, ya ruɗe ka. Gobarar 1788 da ta 1794 sun cinye yawancin gidajen Faransawa, an sake gini da bulo a zamanin Sifaniyawa. Duk da haka unguwa ce sukutum da za ka zagaye da ƙafa, daga dandalin Jackson zuwa tsohon gidan 'yan zuhudu na Ursuline da ya tsira daga wutar. Mobile ba ta da irin wannan. Gobarar 1827 da ta 1839 sun share tsohon gari, sansanin Condé da ake nunawa ma kwaikwayo ne da aka gina a 1976.

Kiriyol, wato zuriyar waɗanda aka haifa a yankin tun zamanin Faransa da Sifaniya, farare da baƙaƙe da masu ruwa biyu, sun fi kauri a New Orleans, kuma da dalili. A 1809 kusan mutum 10,000 da juyin juya halin Haiti ya kora suka iso ta Kuba, suka ninka yawan mutanen garin. Ga dandalin Congo, inda bayi kan taru ranar Lahadi su yi kiɗa da ciniki. Mobile ba ta samu irin wannan kwarara ba, Kiriyol ɗinta 'yan tsiraru ne. Har yau girman ba ɗaya ba: ƙidayar 2020 ta ba New Orleans kusan mutum 384,000, Mobile 187,000.

Abin da ya sa ba za a tsallake Mobile ba shi ne Africatown, kimanin kilomita 5 arewa da tsakiyar gari. A 1860, fiye da shekara 50 bayan an haramta shigo da bayi, jirgin ruwa Clotilda ya kawo mutum 110 a ɓoye daga Ouidah ta Jamhuriyar Benin ta yau. Aka ƙone jirgin don ɓatar da sawu. Da suka samu 'yanci suka sayi fili suka kafa unguwarsu, kuma jikokinsu na nan. An tabbatar da gano ragowar jirgin a 2019, aka buɗe gidan tarihi a 2023. Wuni guda ya ishe ka nan da jirgin yaƙi USS Alabama, wanda yara kan so.

Batun Mardi Gras kuwa, yana faɗowa tsakanin 3 ga Fabrairu da 9 ga Maris. Mutanen Mobile na cewa su suka fara tun 1703, kuma 'yan Mobile na cikin waɗanda suka kafa Comus, ƙungiyar faretin bikin a New Orleans, wadda ta fara fita a 1857. Na Mobile ya fi sauƙin cunkoso da kuɗin masauki. A New Orleans, in dole ne, ka tsaya titin St. Charles inda iyalai ke taruwa, ka nisanci titin Bourbon da dare, mashaya ce zalla.

Abinci New Orleans ta yi gaba, amma Musulmi ya buɗe ido. Gumbo, miyar da ake kaɗawa da soyayyar fulawa ko kuɓewa, da shinkafar jambalaya, da wake da shinkafa na ranar Litinin, galibi akwai naman alade ciki, ko da an rubuta na kaza ne ko na jatan lande. Ka tambaya kafin a zuba. A Mobile kifi da ƙaguwa da kawa sun fi yawa, zaɓin ya fi sauƙi.

Tsakaninsu kusan kilomita 230 ne ta babbar hanyar I-10, awa biyu da 'yan mintuna. Tun Agustan 2025 jirgin ƙasan Amtrak na zuwa sau biyu a rana, amma yakan ci kusan awa huɗu. A New Orleans mota wahala ce, wurin ajiyewa da tsada, taragon lantarki ya wadatar. A Mobile ba mota ba tafiya. Don haka ka sauka filin jirgin Louis Armstrong na New Orleans, kada ka yi hayar mota sai ranar zuwa Mobile.

Ka guji Agusta da Satumba, lokacin da guguwar teku ta fi tsanani. Kusan rabin New Orleans na ƙasa da matakin teku, da famfuna ake fitar da ruwan sama, shi ya sa da shingaye suka fashe a guguwar Katrina ta 2005 kashi 80 cikin 100 na garin ya nutse. Ko ruwan awa biyu kan cika tituna, saboda haka kada ka bar mota a kwari. Oktoba zuwa Afrilu ne lokacin da ya fi dacewa.