Wata Takwas da Babban Turbo a Motata

Shuɗin hayaƙi ne ya kai ni gareji, ba neman ƙarfi ba. Kullum da safe in na tayar da motar sai ta feso shi, baƙin mai yana raguwa ban ga inda yake zuba ba, ga wani siririn kuka kamar jiniya duk sa'ad da na taka totur. Bakaniken ya cire tiyon iska, ya zura yatsa ya kama sandar turbo ya girgiza, sai ga ta tana rawa. Ya ce, "Malam, wannan ya gama aiki. Ko mu sa irinsa, ko kuwa tunda an riga an buɗe, mu sa wanda ya fi shi." Wannan "tunda an riga an buɗe" ita ta ja ni, kuma yau wata takwas ke nan ina tuƙa abin da ta haifar.

Motar ta fetur ce, silinda huɗu, lita biyu, giyar hannu, kuma da turbonta ta fito daga kamfani. Ga wanda bai taɓa ganin cikinsa ba, turbo fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da inji ke fitarwa yana juya ɗaya, ita kuma ɗayar tana danna iska cikin inji. Iska ta yi yawa, sai a ƙara mata mai, ƙarfi ya ƙaru. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ke cikin fetur ta salansa yake ficewa a banza, shi ne turbo ke tsinto wani abu daga ciki. Dabarar tsohuwa ce, tun 1905 wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi mata rajista. Sandar nan takan juya fiye da sau dubu ɗari da hamsin a minti guda, cikin hayaƙin da zafinsa kan haura digiri 900, kuma ba abin da ke tsakaninta da ƙonewa sai ɗan siririn baƙin mai.

Wanda na saya ya fi na asali girman fanka ta ɓangarorin biyu. Aikinsa mai kyau ne, ban da abin cewa: ƙarfen a goge, kusoshi sun hau daidai, gaskit da tiyon mai duk suna cikin kwali. Yini biyu aka yi ana ɗaurawa. Da a nan maganar ta tsaya da sai in ce madalla in rufe baki.

Amma turbo ba ya tafiya shi kaɗai. Iskar da aka matsa zafi take yi, iska mai zafi kuwa ba ta da nauyi, kuma ita ke sa fetur ya kama da wuta kafin lokacinsa, abin da makanikai ke ji a matsayin ƙwanƙwasa a cikin inji. Ƙaramin intakula na asali, wato lagireton da ke sanyaya iskar, ya kasa, aka sa babba. Nozul ɗin asali ba sa iya zuba man da zai ishi wannan iska, aka canja su tare da famfon mai. Fulogi ma aka sauya zuwa masu jure zafi. Ba sabuwar matsala ba ce: Oldsmobile Jetfire ta 1962, ɗaya daga motocin farko da aka sayar da turbo, sai da aka yi mata wani tanki na ruwa da sinadarin metanol don hana wannan ƙwanƙwasar, kuma ba ta yi nisa a kasuwa ba. Sati uku da gama aiki kulocina ya fara santsi a giya ta huɗu, inji na ihu mota ba ta gaba. Shi ma aka sa mai ƙarfi, wanda yanzu a cunkoso yake gajiyar da ƙafata ta hagu. Abin da na kashe a kan waɗannan 'yan rakiya ya zarce kuɗin turbon kansa.

Sai kuma kwamfutar motar, wadda ita ce ke yanke yawan mai, lokacin tartsatsin fulogi da iyakar matsin iska. Dole a sake rubuta mata lissafi, in ba haka ba ko dai ta ƙi yarda ta rage ƙarfi, ko kuma mai ya yi kaɗan fistin ya narke. A tafiya ta yau da kullum injin fetur yana son iska kashi 14.7 ga mai kashi ɗaya, amma in turbo ya cika ana ƙara mai fiye da haka don ya sanyaya ɗakin wuta. An ɗaure motar a kan na'urar awon ƙarfi ta wuni tana gurnani, mai saitin yana kallon allo. Matsin, a ma'aunin matsin iska da ake kira bar, ya tashi daga kusan 0.9 zuwa 1.4, ƙarfin doki kuma ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. A nan na yaba wa mutumin, domin da na ce ya ƙara, cewa ya yi, "Yallaɓai, zan iya ba ka lambar da za ka nuna wa abokai, amma fistin ɗinka na asali ne. Mu tsaya nan."

To yaya take a hanya? In allurar juyin inji ta wuce dubu uku da ɗari biyar, wata mota ce daban. Kujera ce ke tura bayanka, kuma ba ta yankewa har jan layi, inda a da numfashinta ke ƙarewa tun kusan dubu biyar da ɗari biyar. Wuce doguwar mota a babban titi ya zama abu na ƙiftawa da bismilla. Ranar farko dariya na riƙa yi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

Ƙasa da dubu uku kuwa ta fi da nauyin jiki. Babbar fanka tana buƙatar hayaƙi mai yawa kafin ta ɗauki juyi, saboda haka in ka taka sai ka ƙirga ɗaya, biyu, sannan ƙarfin ya zo gaba ɗaya. Injiniyoyin kamfani ba don rowa suka sa ƙarami ba, sun san inda yawancinmu ke tuƙi: daga wannan danja zuwa waccan, a giya ta biyu da ta uku. Da na zauna na yi wa kaina gaskiya, tara cikin goma na tafiyata a nan take. Maiɗakina, wadda ba ruwanta da lambobi, ta tuƙa sau ɗaya ta ce motar ta koyi gardama. A ruwan sama kuma, da yake tayoyin gaba ke ja, in ƙarfin ya zo a kwana sitiyari yakan nemi ƙwacewa. Na sa tayoyi masu riƙo da birki mai jure zafi, don in gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninkawa huɗu yake yi. Shan mai bai canja sosai ba in na lallaɓa ta, amma wa ya sa babban turbo don ya lallaɓa? Kuma yanzu ba ta karɓar fetur sai mai babbar lambar okten, wato wanda ya fi jure ƙwanƙwasa.

Inda na fi yin sakaci shi ne doka, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan. A cikin kwalin akwai wani bututun salansa da ake ɗaurawa a bakin turbo, miƙaƙƙe, babu matatar hayaƙi a cikinsa. A gefen takardar, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa kayan na filin tsere ne kawai. Ban karanta ba sai bayan an gama ɗaure turbon. Matatar nan, katalis, ita ce ke amfani da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, faladiyam da rodiyam tana mayar da gubar hayaƙi abin da ya fi sauƙin illa. Cire ta yana ƙara ɗan ƙarfi, gaskiya ne, kuma wani a garejin ya ce ai sai a kashe fitilar gargaɗin a kwamfuta, ba mai sani. Na ƙi, ba don na fi kowa tsoron Allah ba, sai don na taɓa bin bayan motar da aka yi wa haka da gilashina a sauke. Na sayi katalis mai faɗin hanya wanda ke da lambar amincewa a jikinsa.

Da na shiga bincike sai na ga ƙasashe sun bambanta a hanya amma damuwarsu kusan ɗaya ce: hayaƙi, ƙara, da ko motar da ke kan titi ita ce wadda ke cikin takarda. Ba kasafai doka ke cewa kada ka ƙara ƙarfi ba. A Amurka, dokar tsabtar iska ta tarayya ta haramta cire ko kashe duk wata na'urar rage hayaƙi a motar da ke hawa titi, ta kuma haramta sayar da kayan da aka yi don wannan, hukumar kare muhalli ta EPA ta sha cin tarar kamfanonin da ke sayar da su. Jihar Kalifoniya ta fi tsanani, kayan da suka shafi hayaƙi sai suna da lambar izini daga CARB, hukumarta mai kula da tsabtar iska. A Jamus, in ka ƙara wa inji ƙarfi ba tare da takardar amincewa ba, ko ba tare da masu duba mota irin su TÜV ko DEKRA sun gani an shigar a takardu ba, izinin hawa titi na motar yana iya faɗuwa. A Birtaniya motar da ta shekara uku tana zuwa gwajin lafiyar mota na MOT duk shekara, kuma tun 2014 motar dizal da aka cire wa matatar toka ba ta cin gwajin. Japan ma tana da nata duban, shaken, mai duba hayaƙi da ƙara. Tun bayan abin kunyar Volkswagen na 2015, da aka gano manhajar yaudarar gwajin hayaƙi a motoci kusan miliyan 11, hukumomi suka daina ɗaukar abin da ke cikin kwamfutar mota da wasa.

Ni dai da na kai tawa wurin dubawa, jami'in ya ɗaga bonet ya ga sabon intakula yana ƙyalli, ya miƙo hannu ya ce takardar kayan. Ta katalis na ba shi. Ta turbo fa? Babu. Bai yi faɗa ba, ya dai ce ba zai sa hannu ba sai an yi wa motar awo na musamman: hayaƙi, ƙarar salansa, birki, sannan a gyara ƙarfin da ke rubuce a takarda. Sati biyar motar tana ajiye ina jiran layi. Ta ci awon, kuma na tabbata katalis ɗin nan ne ya cece ni, tare da saitin da mutumin nan ya ƙi zafafawa. Da na san haka tun farko, da na zaɓi turbo matsakaici mai zuwa da takardar amincewarsa, ko da ƙarfinsa bai kai wannan ba. Har jinkirin nan na ƙasa da ya ragu.

Inshora wani zance ne. Kwangilar an ƙulla ta ne a kan mota yadda kamfani ya ƙera ta, in ka canja ta ka yi shiru, ranar da tsautsayi ya faɗa suna da hujjar rage biya ko ƙin biya ɗungurungum, kuma ba wuya mai bincikensu ya gane babban turbo. Kamfanin da nake tare da shi shekara da shekaru cewa ya yi ba ya ɗaukar motar da aka taɓa injinta. Na biyu ya karɓa da ƙarin kuɗi, bayan ya nemi jerin duk abin da aka canja, har fulogi. Garanti bai dame ni ba don nawa ya daɗe da ƙarewa, amma mai sabuwar mota ya yi tunani. Ko a Amurka, inda dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai ka sa kayan wani, in aka nuna kayan ne suka jawo ɓarnar, gyaran naka ne. Injin da ya buga a matsin bar 1.4 kuwa ba ya buƙatar dogon bayani.

Turbon kansa har yau bai ba ni matsala ba. Ba hayaƙi, ba kuka, baƙin mai yana nan inda na bar shi. Ina canja shi da wuri fiye da yadda littafin motar ya ce, ba na taka ta sai ta ɗumama, in kuma na dawo daga doguwar tafiya nakan bar ta tana aiki minti ɗaya ko biyu kafin in kashe, don kada man ya dahu a kan sanda mai zafi. Wanda ke zuwa filin tsere a ƙarshen mako, ko yake da wata motar ta zirga-zirga, zai ji daɗinsa ƙwarai. Wanda motarsa ɗaya ce, da ita yake kai yara makaranta, irin na asali zan ce ya mayar.

Kwanan baya wani ya taya motar, yana jin an taɓa injin sai ya ja da baya, duk da takardun da na shimfiɗa masa. Tsofaffin nozul, ƙaramin intakula da kwafin lissafin kwamfuta na asali suna nan cikin kwali ban yar ba. In sayarwa ta tashi, turbo irin na kamfani kawai zan nema, wanda bakaniken ya fara ambata mini a ranar farko.